Gwaiduwar Ƙarfe Goma

Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ƙafar nan ta daina kumburi, kana kuma shan ƙwayoyinka a kan lokaci ba sai Auta ta bi ka da kofin ruwa har shago ba. Ka gaishe min da ita da mijinta da yaran, ka ce na gode da ta karɓi girkinka. Sau uku na kira ka a makon nan, kana ta "Wa? Wa ke magana?" ni kuma ina ta ihu har maƙwabtana suka fara leƙowa. Kunnen nan naka ya gama da waya, don haka na koma takarda.

Inna ta iso lafiya ranar Talata, gadon jaririyar da ka ƙera ma ya iso ba ko ƙwarzane. Direba ya so ya ɗaure shi a saman mota, Inna ta ce sai dai ita a ɗaure ta a can. Surukinka ya haɗa shi ya girgiza iya ƙarfinsa, ko ƙara bai yi ba. Amaryarka tana kwance a ciki yanzu haka da nake rubutu, ko sulusin katifar ba ta cika ba.

Baba, an gano abin da ke damunta. Ka zauna tukuna, kuma wannan kada ka karanta ta da ƙarfi yadda ka saba.

Ka tuna yatsun ƙafarta, na biyu da na uku da suka manne, waɗanda babanta ke tsokanarta da 'yar agwagwa saboda su? Mu dariya muke yi. Wata likita 'yar siririya, wadda a ido ba ta girmi tsofaffin ɗalibaina ba, ita ta cire mata safa ta daɗe tana kallo. Ta duba fatar idonta da ke saukowa, ta duba katin awo ta ga wata bakwai amma kilo huɗu da ɗigo biyu. Ta sa aka ɗebi jini aka aika wani gari. Sati biyar muna jira. Sakamakon ya ce jikinta ba ya iya ƙera kolestarol yadda ya kamata.

E, shi ɗin dai. Na san ka cire tabarau ka sake mayarwa. Shekara goma sha biyu ke nan tun ranar da ka faɗi a ƙofar shago da zarto a hannu. Da aka sallamo ka, ni na zaunar da kai da Inna, na zana muku jijiya a bayan kalanda, na dinga cika ta da jan biro har ta toshe. Ni na hana gwaiduwa shiga bakinka. Ni na koya wa Inna ta fasa ƙwai ta ware ta gefe, na sa ta yi min alkawari. Tun ranar kuke ce min Likitar Gida, ni da ko allura ban iya ba, malamar kimiyyar halittu ce kawai a makarantar 'yan mata.

Abin da na faɗa muku gaskiya ne, sai dai rabi ne. Ga sauran rabin. Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, kowacce an naɗe ta da tantani na maiƙo, siriri ƙwarai. Tantanin nan shi ne bangonta, shi ne ƙofarta. Idan ya saki da yawa sai ya dinga yoyo, idan ya sandare sai komai ya kasa shiga da fita. Kolestarol ne ke shiga tsakanin maiƙon ya riƙe shi daidai: da zafi ya hana shi sakwarkwacewa, da sanyi ya hana shi daskarewa. Ka san ɗan tsinken katakon nan da kake ferewa ka cusa a gaɓar kujera, don kada ta yi lilo da rani ko ta tsage da damina? To shi ne. Yawancinsa jiki ne ke ƙera kayansa, ba daga abinci yake zuwa ba. Naka ya yi yawa a jini har ya toshe hanya. Nata kuwa ana fara ƙerawa, sai a mataki na ƙarshe aikin ya tsaya, tsinken ya fito ba a gama fere shi ba, ba ya zama a gurbinsa. Kuma ba a gaɓa ɗaya ba, Baba, a ko'ina ne. Shi ya sa ba ta girma, shi ya sa wuyanta bai tsaya ba, shi ya sa zuciyarta ke da ɗan rami.

Likita ba ta ɓoye mana ba, ba a warkewa. Amma ta ce a taimaka wa jikin daga waje, a ba ta gwaiduwar dafaffen ƙwai ɗaya kullum, a murje a madararta, ko za ta ɗan yi nauyi ta samu ƙarfin yaƙi da ciwo. Wallahi da ta faɗa sai da na yi dariya a ofishinta, dariyar da ta ƙare da kuka.

Ƙarfe goma ne lokacin da ta fi karɓar abinci, ni kuma lokacin ina aji, don haka na danƙa wa Inna aikin. Ban gaya mata duka ba. Ciwon na gado ne, daga ni da babanta gaba ɗaya, ka kuwa san Inna, sai ta zauna lissafin dangin wa ya kawo. Na ce mata dai zuciyar yarinya tana da 'yar matsala, likita ta ce a ba ta gwaiduwa. Ta kalle ni, ta gyaɗa kai.

Ka yi mana addu'a. Sikeli kawai nake so ya motsa.

'Yarka,
Likitar Gida

Asabar, da hantsi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, sanyin nan bai tayar maka da tari ba. Ina Auta da yara? Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a ɗakin malamai na yi ta dariya ni kaɗai. Shafi biyu na addu'a, sai a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ka tambaya ko yanzu an yafe wa gwaiduwa laifinta, a dawo maka da haƙƙinka na shekara goma sha biyu. Kai Baba! Ba a yafe ba. Ka tambayi likitanka, in ya yarda da ɗaya a mako ni ba ruwana.

Na ga kuma ka ce ka fara yi wa amaryarka 'yar kujera mai hannuwa, don ranar da za ta zauna. Ka yi mata bayan ya yi tsawo ya tallafi kai.

Sati biyar ke nan da fara ƙwan. Duk Alhamis muna zuwa awo. Ma'aikaciyar jinya takan tuɓe ta ta ɗora a kan farantin ƙarfen nan mai sanyi, ni kuma in kafa wa allurar ido kamar zan tura ta da kallo. Huɗu da ɗigo biyu. Huɗu da ɗigo uku. Makon jiya ta koma da ɗigo biyu. Likita ta ce in yi haƙuri, wasu yaran sukan ɗauki lokaci. Haƙurin nake yi, amma ka san ni da shi ba mu taɓa shiri ba.

A makon nan darasin tantanin ƙwayar halitta ya zo a aji biyar. Shekara tara ina koyar da shi, kullum in na iso kan kolestarol sai in zana shi ɗan ƙarami a tsakanin layukan, in ce su haddace don jarrabawa, in wuce in shiga labarin bugun zuciya da labarinka, don shi yaran suka fi so. Wannan karon na tsaya da alli a hannu na kasa wucewa. Na cinye darasi biyu a kansa. Na ce musu kusan rubu'in kolestarol ɗin jiki a ƙwaƙwalwa yake, da shi ake naɗe jijiyoyi, da babu shi da ko wannan allon ba za su gani su gane ba. Wata mai surutu a layin baya ta ce ai ita ta ɗauka mugu ne. Na ce ni ma haka na koya wa iyayena.

Inna kam Allah ya saka mata. Ba ta ajiye kishiyar tata a ƙasa. Fatar yarinyar ba ta son rana, minti kaɗan sai ta yi ja, don haka Inna ta sauya wa gadon wuri sau uku tana gudun hasken taga, yanzu kuma ta fara ɗinka mata hula mai faɗin baki da ragowar yadin labule. Duk safiya takan kara kunnenta a ƙirjinta ta yi shiru tana saurare, kamar yadda take yi maka farkon sallamarka. Shekaranjiya ina tsakiyar duba takardun gwaji guda saba'in ta zo ta tsaya a kaina, ta tambaye ni ko ciwon zuciyar yarinyar irin naka ne. Na ce mata kusan haka, don in samu ta bar ni in gama. Kullum na dawo nakan tarar da ɓawon ƙwai a kwandon shara, fida a wanke a kife. Ba ta taɓa tsallake rana ba.

Ta yi ma sabuwar ƙawa. Akwai wata kyanwa ta matar da ke ƙasanmu, da can ƙashi da fata ce, ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Yanzu tana hawowa tagar kicin ɗinmu, ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake. Surukinka ya ce a gidan nan kyanwa ce kaɗai ke ƙara nauyi, ya kamata ita mu kai awo. Ya faɗa da wasa, sai ya ga fuskata, ya tashi ya fita. Muna lallaɓa juna ni da shi. Likita ta ce duk cikin da zan sake ɗauka, ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da irin wannan, kuma har yau ba mu iya zama mun yi maganar ba.

Jiya amaryarka ta yi min murmushi, Baba, na gaske, da gefen baki ɗaya. Na so a ce kana nan.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Likitar Gida

Laraba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun. Kafin takardar nan ta iso Inna ta riga ta isa, don haka gara ka ji daga bakina.

Jiya na manta da takardun jarrabawa a gida, na dawo ɗauka wajen ƙarfe goma. Ƙofar kicin a buɗe take. Na tarar da Inna tana ɓare ƙwan. Ta tsaga shi biyu, ta sa babban yatsa ta fito da gwaiduwar a dunƙule, yadda ni da kaina na nuna mata a kicin ɗinku. Sai ta buɗe taga ta ajiye ta a bakin dakali. Kyanwar tana nan zaune tana jira. Farin ta jefa a bakinta, ta ɗauki fidar madara fara sol ta nufi gadon.

Sati tara, Baba. Kwana sittin da uku. Ina zuwa awo duk Alhamis ina kuka a cikin motar haya, ina zargin likita, ina zargin jikina da na ba ta nono bai amfane ta ba, ashe maganin 'yata kyanwa ke ci.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar farko. Ko a jikinta, wai ita ta yi abin kirki. Ta ce ita ta ga mijinta kwance a ƙasa bakinsa ya karkace, ba za ta sake gani ba. Ta ce ni na faɗa mata da bakina gwaiduwa guba ce ga mai ciwon zuciya, na zana mata, na sa ta yi alkawari, yanzu kuma ga jaririya mai ciwon zuciya a ce ta ɗura mata ita kullum. Ta ce ta ɗauka gajiya da tashin hankali ne suka ruɗa ni, likitar kuma yarinya ce. Wai ai har ta tambaye ni ko irin naka ne, na ce e.

Ban ce e ba. Kusan haka na ce.

Ba zan ɓoye maka abin da na faɗa mata ba. Na ce jahilcinta zai kashe min 'ya. Na ce in wani abu ya sami yarinyar nan, ita ce. Na ce na kawo ta ta taimake ni, ba ta yi min likitanci ba. Na faɗa da ƙarfi, har matar ƙasa ta hawo ta tsaya a matakala. Inna ta ajiye fidar a hankali, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki.

Yau da safe na tarar ta haɗa jakarta. Surukinka ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta daɗe ne kawai ba ta ga gida ba. Ta je gadon ta kara kunnenta a ƙirjin yarinyar ta daɗe, sannan ta fita. Hular da ba ta gama ba tana kan kujera da allurar a jiki. Shi ya kai ta tasha, ni ban leƙa ba.

Na san abin da za ka ce. Uwa ce, na sani. Amma ni ma uwa ce, kuma tawa 'yar kilo huɗu ce. Da ta ce min ba ta yarda ba, da mun yi faɗa tun ranar farko mun gama. Gyaɗa kan nan ne ya ƙona min rai.

Ka sha maganinka. Kada wannan ya tayar maka da hankali.

'Yarka

Litinin, daga asibiti

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da Auta da yara. A kan gwiwata nake rubutu, a benci, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Amsarka ta iso. Rabin shafi, ko gaisuwa babu. Tun ina 'yar firamare ban taɓa ganin ka rubuta abin da bai cika shafi ba. Ka ce a sana'arka in almajirin kafinta ya yanka katako ba daidai ba, wanda ya ba shi awo ake fara tambaya. Na karanta, na ninke, na yi fushi kwana biyu. Yanzu a jakata take, ta fara yagewa a wurin ninkin.

Ka ce Inna ba ta cin abinci tare da kai, ba ta kunna rediyo, in an yi sallama daga waje sai ta shige ɗaki. Ka ce duk da haka kullum da safe tana fasa maka ƙwai ta ware gwaiduwar, sai dai yanzu takan daɗe tana kallonta a cikin kofi kafin ta zubar. Baba, don Allah da ba ka rubuta min wannan ba.

Na ɗauki hutu a makaranta tun washegarin tafiyarta. Ni nake dafa ƙwan, ni nake murjewa ta rariya har ya yi laushi, ni nake zama awa guda ina ɗiga mata. Rabi takan haɗiye, rabi ya dawo. Da ya gagara aka sa mata siririyar roba ta hanci, aka ƙara da wani gari na kolestarol daga kantin magani. Sati huɗu ba fashi. Na yi tsammanin allurar sikelin za ta yi tsalle, in aiko maka da katin ka nuna wa Inna ta ga abin da ta hana. Har na shirya maganar da zan rubuta a ƙasa. Huɗu da ɗigo uku. Huɗu da ɗigo uku. Huɗu da ɗigo biyu.

Ranar Alhamis tari ya kama yarinyar, Asabar numfashi ya fara sama-sama, muka kawo ta. Ciwon huhu ne. Tana cikin wani ɗaki mai gado shida, an sa mata iskar oksijin, abin rufe hancin ya kusa cinye mata fuska. Ƙafafun nan na agwagwa suna leƙowa ta ƙasan bargo, masu jinya duk sun san su. Jiya na sunkuya na kara kunnena a ƙirjinta. Ban san me Inna ke ji ba in ta yi haka, ni dai wani ɗan huci na ji a tsakanin bugun, na kasa ɗagowa.

Ku yi mana addu'a. Ka gaishe da Inna. Ka ce mata kishiyarta na asibiti. Sauran maganar sai na samu natsuwa.

'Yarka

Juma'a

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, Baba? Ya ƙarin haƙurinmu? Na san Auta ta rubuta maka a takarda ranar da na kira ta, ta ce ka karanta ka tashi ka shiga shago ka rufe ƙofa. Kada ka damu da rashin zuwanka, likitanka ya yi gaskiya, hanyar ta yi maka nisa.

Ranar Talata ne, da hantsi, tana hannuna. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba. Watanta goma sha ɗaya da kwana shida. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kujerar ta iso ranar Laraba. Direban ya hawo da ita har sama yana murmushi yana tambayar ina mai ita, sai ya ga takalman masu gaisuwa a ƙofa. Ta yi kyau, Baba. Ka yi bayan da tsawo yadda na ce. Na juya ta na ga tsinkayen a kowace gaɓa, ka fere su sumul. Surukinka ya ɗauke ta ya kai ɗaki ya ajiye kusa da gadon, ba mu sake maganarta ba.

Auta ta zo ta kwana biyu. Inna ba ta zo ba. Auta ta ce har ta yafa mayafi ta iso bakin ƙofa, sai ta koma ta zauna, ta ce da wane ido za ta shiga gidan.

Jiya na koma asibiti mayar da kayan robar, na nemi likitar. Na gaya mata komai, da kyanwar, da abin da na faɗa. Na roƙe ta kada ta lallashe ni, ta faɗa min gaskiya ko da za ta kashe ni. Ta ɗauko fayil ta nuna min lambobin jinin farko, na tun kafin Inna ta taɓa fasa ƙwai ɗaya a gidana. Ta ce irin na yarinyar mai tsanani ne, tun a ciki aka gina zuciyar da huhun da ƙwaƙwalwar a haka. Ta ce kolestarol na abinci ba ya ma ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa. Gwaiduwar gwaji ce da ake yi don ba a da abin da ya fi ta, wasu yaran takan ɗan taimake su, wasu ko kaɗan. Ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan abin da bai faru ba, amma a iya saninta kwana sittin da ukun nan ba su ne suka ɗauke ta ba.

Baba, na san wannan. Abin da ke cina ke nan. Yawancinsa na karanta shi tun makon da sakamako ya fito. Ranar da na tsaya a kicin ina ihu, na san shi. Wanda zan ɗora wa nake nema, sai na samu wadda ba za ta rama ba.

Na saka katin awon a cikin ambulan. Na ja layi da biro a ranar da Inna ta tafi. Ka nuna mata lambobin sama da na ƙasa, lamba dai tana ganewa. Akwai kuma takarda ta biyu, tata ce. Ita kam ka karanta ta da ƙarfi, da duk muryar nan taka, ko maƙwabta za su ji.

'Yarka

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina kwana? Ya jikin, ya gwiwar? Ya haƙuri? Ni ya kamata in fara yi miki gaisuwa, don kin fi ni riƙe ta. Ni ina aji, ke kina goye da ita.

Inna, ba ke ba ce. Ga kati nan a hannun Baba. Sama da layin kwanakinki ne, ƙasa da layin nawa ne. Ki duba da kyau, duk ɗaya ne. Na ba ta gwaiduwar har ranar da ta daina karɓa, ba ta ƙara ko nauyin cokali ba. Likita ma ta faɗa, kuma ba yarinya ba ce kamar yadda muka ɗauka, ta san aikinta.

Ni na koya miki rabin karatu, na hana ki sauran. Na zaunar da ke shekara goma sha biyu da suka wuce na tsorata ki, kika riƙe maganata fiye da duk ɗalibar da na taɓa koyarwa. Da wannan riƙon naki Baba yake tsaye a shago har yau. Da abin ya juya, sai na raina ki, na ga ba sai na yi miki bayani ba, na ba ki umarni kawai kamar 'yar aiki. Kin zo kin tsaya a kaina kin tambaye ni. Minti biyar ya isa in ajiye jan biro in zana miki yadda na zana wa Baba a wasiƙa. Yaran mutane na ba su darasi biyu a kai, uwata na ce mata kusan haka.

Kalmar da na faɗa miki kuwa, ba ni da bakin maimaita ta. Ke da kika sayar da keken ɗinkinki na shiga kwaleji, da ilimin da kika saya min na zage ki. Na kasa cin abinci in na tuna yadda kika wanke hannu kika shige ɗaki. Ki yafe min, Inna. Ko ba yau ba, ki dai sa a ranki.

A asibiti na koyi kara kunne a ƙirjinta irin naki. A kwanakin ƙarshe in na yi mata waƙa ba ta kulawa, sai na kwaikwayi ɗan gunjin nan da kike yi mata ta hanci, wanda nake ce miki kamar injin niƙa. Nan take takan juyo da ido tana neman ki. Ban gaya wa kowa wannan ba, kishi ya hana ni.

Hular tana nan yadda kika bar ta, ban zare allurar ba. Kyanwar ma ba ta daina zuwa ba. Ƙarfe goma daidai sai ta hawo taga ta zauna tana kallon cikin kicin. Da na yi niyyar jifanta, yanzu nakan tsaya ne mu yi ta kallon juna.

Ranar da za mu tafi asibiti na sayi ƙwai goma sha biyu, ɗaya kawai aka fasa. Sha ɗayan suna cikin kwando har yanzu. Na kasa dafawa, na kasa zubarwa, surukinki ma yakan kewaye su ne. Sun kusa lalacewa.

Ki zo, Inna. Ki zo ki fasa su da hannunki, ki ba duk wanda kika ga dama gwaiduwar. Ba zan ce komai ba.

Ni ce,
'yarki ta fari